Shamuwa Ba Ta Tashi Sai Lokacinta

Ina ƙarama, a gidanmu na unguwar Briqueterie, Dada ce ke tashi da wuta bayan magariba. Kakata ce ta wajen uwa, 'yar Garwa. Idan ta gama suyar makalar da za ta sayar, wato fanke, ba ta kashe garwashin. Sai mu kewaye murhun a ƙarƙashin rumfar kwano, hayaƙin tsire na shigowa daga titi, ruwa na ɗiga a bokiti.

"Ga ta nan tafe," in ji ta, "wa zai tare ta?"

Mu ce, "Mu ne!"

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta wata mata da aka aiko wa cewa uwarta ba lafiya a gari mai nisa. Fatake suka ce ta biyo su, yau za su tashi. Sai shamuwa ta leƙo daga kan kuka ta ce, "Me zai kai ki tafiyar ƙasa da goyo? Ni kafin tukunya ta tafasa na sauke ki a ƙofar gidanku." Matar ta sallami fatake, ta ɗaure kayanta, ta zauna a gindin kuka. Gari ya waye, ta ce a tafi. Shamuwa ta ce, "Ai ban yi miki ƙarya ba. Amma ni sai iska ta juya nake tashi."

Nan Dada ke tsayawa, ta hau tona toka da tsinke.

"Dada, ta samu uwar da rai?"

"Ke Hauwa, bakinki kamar rediyo. Tashi ki wanke ƙafa."

Da tsufa ya kama ta, ta koma Garwa wajen kawuna. Ni aka yi mini aure a unguwar Nkomkana, na haifi mace, muka sa mata sunan Dada, muna kiranta Ummi. Ba ta fi wata huɗu ba kawu ya bugo waya ya ce jikin Dada ya yi tsanani, kuma takwararta take ta tambaya.

Akwai jirgin ƙasa a yammacin ranar. Kwana ake yi a ciki zuwa Ngaoundéré, sannan a shiga mota a wuni. Ummi na tari, ni kuma komai tsoro yake ba ni, sanyi, cunkoso, ruwan hanya. Baban Ummi ya duba wayarsa ya ce, "Daga filin jirgin Nsimalen zuwa Garwa ta sama, awa ɗaya ce da 'yan mintuna. Kafin ta farka kun sauka. Sai dai babu wuri sai jibi."

Awa ɗayar nan kawai kunnena ya riƙe. Na ɗaure kaya, na sa turaren da Dada ke so a ciki, na zauna jira.

Da asubar ranar tafiyar, Dada ta cika. Kafin tasi ta fitar da mu daga cunkoson gari, har an kai ta makwancinta. Da jirgin ƙasa na bi, da na same ta tun daren jiya.

Jirgin sama bai yi ƙarya ba. Ummi ba ta ko farka ba muka sauka.

Yanzu ta yi wayo, takan nuna sama idan jirgi ya wuce. Rannan na ba ta tatsuniyar a gaban kurfoti. Da na zo gindin kuka, ta ja zanina.

"Mama, ta samu uwar?"

Na ɗauki tsinke na hau tona toka.