Rahotannin da Ba Su Bar Gida Ba

Mai gyaran kwamfuta bai san sunanta ba. Dattijuwa ce, tabarau rataye da zare a wuya, yatsunta sai motsi suke a kan cinya kamar suna neman abin dannawa. Da gani, a buga takardun ofis ta tsufa.

Manhajar aikinta ce ke yawan mutuwa tana tsakar rubutu. Duk sanda ta mutu, sai ɗan akwati ya fito a allo, ya ce ta faɗi abin da ya faru, masu manhajar za su duba. Shekara uku tana cikawa, wataƙila har bayan kowa ya tashi daga ofis.

Ga su nan ya buɗo mata, rahoto ɗari biyu da ɗoriya, jibge cikin kwamfutar. Kowanne da "Bayan gaisuwa" ya fara, sannan awa da minti da abin da ta danna.

"Mama, ko ɗaya bai fita ba," in ji shi. "Maɓallin aikawar na ado ne."

Ta yi ta karantawa. Can ta ɗago.

"Ɗan nan, kullum fa sai akwatin ya ce mini an gode."