Ranar Da Aka Zo Wa Iya Kikuno Ta'aziyyar Kanta

Iya Kikuno tana tsugune a bakin famfo, sanye da dogon wandon marigayi mijinta, hannu dumu-dumu da hanjin kifi, sai ga mutum shida cikin baƙaƙen kaya sun shigo gidan a jere, rungume da fararen furanni. Dangin mijin ne daga tsibirin tsallake. Ta gabansu Sumie ce, ƙanwar marigayin, tun daga ƙofa take sharɓar kuka.

Iya ta ɗago. "Wayyo Allah, wa ya rasu?"

Sumie ta ƙwalla ƙara, furanni suka watse. Mijinta ya yi alamar gicciye sau uku, ya ja da baya, ya zauna daɓas cikin dankalin da aka shanya.

Sumie ta ce, "Yaya! Ai ke kika rasu!"

"Ni? Yaushe? Ba wanda ya gaya mini."

To, ga yadda aka yi. A maƙabartar bayan cocinmu, idan miji ya riga matarsa, tare ake sassaƙa sunayensu a dutse ɗaya. Na mamaci a shafa masa ruwan zinari, na mai rai jan fenti, har ranar da ya bi sahu. Shekara goma sha huɗu sunan Iya yana nan jawur kusa da na mijinta Sadao. Kuma duk shekara, kafin watan tunawa da matattu ya kama, ita take hawa tudun maƙabartar da ɗan buroshinta ta sabunta rubutun. Bana yanar ido ta dushe mata gani, ta tsoma a gwangwanin ruwan zinari kaɗai ta bi sunayen kakaf, har da nata. Mijin Sumie ya zo ziyarar kabari, ya gani, ya koma jirgi a fusace, wai an binne ta a ɓoye ba a sanar da dangi ba. Ko leƙa gidan bai yi ba!

Kafin la'asar ƙauye ya ɗauka. Mai kanti har cewa ya yi, "Iya, yaya hanya? Can ɗin da sanyi?" Ta wurga masa kan kifi.

Amma wanda ya san Iya ya san ba dariyar ce ta dame ta ba. Tana 'yar shekara ashirin aka kawo ta gidan Shirahama, dangin mijinta, kuma washegarin biki surukarta ta miƙa mata bokiti ta nuna mata tudu. Matakala ɗari da ashirin ne. A can sama dangin suke kwance, kaka da kakanni. Na can ƙarshe ko suna ba su da shi, falalen duwatsu ne kawai daga zamanin da ake ɓoye addini, amma Iya ta san kowa. Wannan ya nutse a teku, wancan masifaffiya ce, na gefe ya mutu da haƙoransa cif. Shekara sittin da ɗaya tana wanke su, tana cire ciyawa, tana yi musu tsegumin ƙauye. Sadao kuwa har yau faɗa take masa kan giya.

Ɗanta ɗaya, Noboru, yana aiki a birni. Shekara uku yana mata waƙa guda: a kwashe ƙasusuwan a kai wani bene a can, inda ake ajiye matattu cikin 'yan akwatuna, a rufe kabarin, ita ma ta koma wurinsa. Abin da ya tare shi ɗaya ne, takardar ba ta tafiya sai da hatiminta. Kullum amsarta, "Ina da ƙafa, ina da ido." Yanzu ga idon ya tona mata asiri a gaban duniya.

Kwana biyu sai ga shi a jirgin safe, da jaka a hammata. Bai ko sha shayi ba ya ce su hau. Rabin ƙauye ya bi su, kowa wai ciyawa zai cire. Fada, limamin cocin, ma ya fito da tsintsiya yana sharar inda ba datti.

Noboru ya tsaya gaban dutsen. Ya san labarin, amma da ya ga sunan uwarsa yana ƙyalli sai da ya dafa bango.

"Inna, kin ga abin da nake faɗa? Yau fenti, gobe matakala. Idan kika faɗi a nan wa zai gan ki?"

"Ubanka."

"Inna, ba wasa nake ba." Ya ɗauko gwangwanin ja ya ajiye a gabanta, ya zaro takarda. "Bari in gyara sunan, ke kuma ki buga hatimi. Can akwai na'urar hawa bene, akwai ta sanyaya ɗaki."

"Kakanka da ya yi shekara hamsin a kwalekwale, shi za ka sa a durowa kamar safa?"

Ta kalli dutsen. Ta kai hannu ta shafa sunan Sadao, ta gangaro kan nata. Sai ta sa ƙafa ta ture gwangwanin, jan fenti ya bi matakala yana malala.

"Kada wanda ya taɓa. Haka zai zauna."

Sumie ta dafe ƙirji. Tsintsiya ta suɓuce wa Fada. Tun da aka kafa cocin nan ba a taɓa jin mai rai ya bar sunansa cikin zinari da gangan ba, mata har ja da baya suke kamar abin zai shafe su.

"Inna, mugun fata kike wa kanki!"

Iya ta tattare zani, ta haye gefen kabarin ta zauna, ta harɗe hannu.

"Kai da ka yi boko, karanta. Dutse ya ce na mutu, dangi sun yi kuka, furanni ma na karɓa. A ina ka taɓa ganin gawa ta buga hatimi? In kuma kwasar matattun gidan nan ka zo yi, to fara da ni. Sai dai ka sani, ni ina cizo."