Ruwan Kakan Jimmai

A shekarun da kwanakin yajin aiki suka fi na karatu yawa, kowane bango a Maraɗi kuma yana ɗauke da alamar jam'iyya, gidanmu na Sabon Gari ya fi dogara da wutar kakata Hajo a kan ta lantarki. Da an idar da magariba a lokacin sanyi sai ta hura kara a tsakar gida, ta binne dankali cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Na ji tatsuniyoyi da yawa a bakin wutar nan, amma guda ɗaya ce har yau ban manta da daren da na ji ta ba.

A ranar ne malaminmu, wanda muke kira Mushe, wato Monsieur na Faransanci, ya loda ajinmu a bayan kamyo, babbar motar kaya, domin ganin wuraren tarihi. A Tibiri muka ga ƙofar fada da tsofaffin tambura. Daga nan muka juyo muka nufi Jiratawa, aka tsayar da mu gaban wata tsohuwar tsamiya a bayan gari. Tukwane a kife sun kewaye ta, gashin kaji manne da busasshen jini a gindinta. Mushe ya ce nan ne Anna, masu addinin gargajiya, suke yanka tun kaka da kakanni.

Sai ga mai kula da wurin ya fito, wani dattijo riƙe da ƙwaryar ruwa, kamar yadda ake tarbar baƙo. Idonsa ya faɗa kan Jimmai, abokiyar zamana a benci, fuskarsa ta washe.

"A'a, jikanyata! Ashe ke kika kawo mini baƙi ba ki aiko ba?"

Babu wanda ya taɓa sanin asalinta. Jimmai ta sunkuyar da kai. Dattijon ya miƙa wa Mushe ƙwarya, Mushe ya ce ya ƙoshi. Yara suka yi ta ja da baya har aka zo kaina. A gidanmu ba a mayar da hannun babba, saboda haka na durƙusa na sha.

A hanyar dawowa Sani, ɗan wani attajiri, ya ɗaga murya: "Ta sha ruwan Doguwa! Wallahi kafin Juma'a aljanar za ta shanye miki ƙafa." Aka dare aka bar mu, ni da Jimmai, a kusurwa guda. Tun daga nan nake jin ƙafata ta hagu tana nauyi.

Da na gaya wa Kaka cikin kuka, sai ta mintsine ni a cinya.

"Kin ji zafi?"

"Na ji."

"To ƙafa tana nan, ƙawata. Aljanar da za ta shanye wannan sillen kara ai ta rasa abin yi. Matso, ga wata tatsuniya nan ta taso daga nesa."

Ta ce a wani gari akwai tsohuwa da take zaune dare da rana a kan wani faifan dutse a bakin kurmi. Mutane suna tsoronta, sun hana 'ya'yansu gaishe ta, amma idan zazzaɓi ya kama yaro sai a lallaɓa wurinta ta bayan gida. Ran nan samari suka ce ta zame wa garin abin kunya, suka kore ta. Ta miƙe, ta kaɗe zaninta, ta tafi. Ashe rami dutsen yake rufewa, nauyinta kuma shi ke danne shi.

Kaka ta rage murya. "Abin da ya fito ba ya cin nama, ba ya shan jini. Shiga gida yake ya lashi fuskar mai barci. Da safe ɗa ya dubi uwar da ta haife shi ya ce, 'Baiwar Allah, wa kike nema?'"

"Kaka, sai yaya?" in ji ƙanena.

"Sai yaya me? Suna nan har yau, suna gaisawa kamar baƙi a tasha. Ci dankalinka."

Na kwana da fuskata cikin zane.

Juma'a ta zo ta wuce ina tafiya da ƙafafuna. Jimmai ce ba ta warke ba. Ba mai aron alƙalaminta, ba mai sa hannu a kwanonta sai ni. Mushe yana gani bai taɓa tsawatarwa ba, kuma har yau, bayan tsawon aikina na adana takardun hukuma, ban sami uzurin da zan yi masa ba: shi ya kai mu, shi ya kamata ya dawo da mu yadda muka tafi. Da aka koma aji bayan wani dogon yajin aiki, Jimmai ba ta dawo ba.

Ni Musulma ce, ban yarda tsamiya tana bayarwa ko tana hanawa ba. Amma sai da na girma na gane wane ne abin cikin ramin ya lasa. Bara na gamu da Jimmai a wani suna a unguwar Zariya ta Maraɗi, yanzu Hajiya Amina ake kiranta. Muka rungume juna. Na soma cewa, "Allah ya ji ƙan dattijon nan na Jiratawa," sai ta damƙe hannuna, ta waiwayi 'ya'yanta da ke gefe.

"Wane dattijo?" in ji ta. "Ai mu 'yan birni ne."