Tuwon Komayya da Tulun Iri

Tun da wuri in faɗa muku, wawan labarin nan ni ne, kada wani ya sha wahalar nema.

Shekarun baya, lokacin farin nan da ya jera mana damina a kan damina, ina ji da ƙuruciya da taurin kai, ga ɗan zaman elementare da na yi, wanda nake ganin kamar na haɗiye ilimin Kano kaf. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Ƙauyenmu na gefen Kunci ya fara zubewa, yau wannan ya ɗaure kaya ya nufi tashar Tsanyawa, gobe wancan. Ni na ce ba inda za ni. Gonar da ubana ya bar mini, ko rairayi za ta riƙa haifa, a gefenta za a binne ni.

Abin da ya rage mini ɗan geron iri ne. Na gauraya shi da toka, na zuba a tulu, na liƙe bakin da laka, na tura ƙarƙashin gado. Na ce wa mai ɗakina, "Ko yaran nan za su kwana suna kuka, ba a taɓa tulun nan." In muka cinye shi, ko ruwa ya dawo, sai dai mu bi sahun masu hawa mota.

To a shekarun nan abu ɗaya ne ya ƙi jin maganar fari: komayya, 'yar ciyawar nan mai tsiro curi-curi a rairayi. Yayyafi kaɗan ya ishe ta ta yi 'ya'ya, ƙanana kamar yashi. Mata suka shiga fita da tsintsiya da ƙwarya suna share gindinta, wasu har gidan tururuwa suke tonawa su kwashe abin da ta tara.

Ni kuwa na miƙe a majalisar ƙofar masallaci na rantse. "Wallahi gidana ba a cin ciyawa! Mutumin da ya iya rubuta sunansa da boko ba zai yi tarayya da jaki a abinci ba."

Ikon Allah, tuwo bai yanke a gidana ba. Baƙi-baƙi ne, yana ƙasa-ƙasa a haƙori, amma da miyar kuka yana wucewa. Na tambayi mai ɗakina daga ina, ta ce, "Malam, ci ka gode wa Allah." Sai na yanke wa kaina cewa yayanta na Minjibir ne ke aiko mana. Har bayani nake wa yara, wai geron can haka yake ƙanƙancewa in an yi fari.

Rannan na sa maƙwabcina a gaba da tsiya, don abokin wasana ne. Na ce, "Ƙanen jaki, yau an yi kiwo kuwa? Na ga kunnenka ya ƙara tsawo."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Malam na boko, ai matarka ce sarauniyar masu shara. Ita ta nuna wa tawa kwarin da komayya ta fi yawa. Shafa naka kunnen ka ji."

Majalisa ta ɗauki dariya. Na tattare riga na yi gida. Tulu na fara jawowa: laka na nan yadda na liƙe ta, ko tsaga babu. Bayan rumbu kuwa ga ƙwarya cike da 'ya'yan komayya, an sheƙe tas. Na yi faɗa, na ce ba zan ƙara sa hannu a kwanon ba. Yajin nawa ya kai har la'asar ɗin washegari.

Na je wajen liman a kan rantsuwata. Ya ce tunda ba ni da abin ciyarwa, sai azumin kaffara. Na ce, "Allah gafarta Malam, wanda muke ciki tun bara fa, ba ya shiga lissafi?"

Da ruwa ya dawo na fasa lakar na yi shuka, har na sam wa maƙwabcin nawa, duk da bakinsa. Gonar tana hannuna har gobe. Kuma ko ɗan ƙwadago na ɗauka, nakan gargaɗe shi ya bar mini komayyar da ke kan iyaka. Ni da ita halinmu ɗaya: an ce mu tashi, mun ƙi.

Kwanan baya na tara jikoki ina ba su wannan tarihi, na buga ƙirji na ce, "Da ban riƙe tulun nan ba, da yanzu ba ku san hanyar garin nan ba."

Kakarsu tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Kai ka riƙe tulu, Malam, ni da tsintsiya muka riƙe ka. Jakin da kake zagi in ya ci shiru yake yi. Kai kuwa ci kake, kana wa'azi, kana miƙo kwano a ƙara."