Ƙullin Masunta a Zauren Iya Hajo

Shekarar da fari ya ƙone fadama, kogi ya janye ya bar kwale-kwalenmu a kan busasshen taɓo, babanmu Ya'u ya kwaso mu daga Guri zuwa Haɗeja. Masunci ne, in babu ruwa kuwa babu shi. Sai ya zauna gindin bango a tasha kamar an zare masa laka, mu yara muna bin motoci muna tsintar gyaɗar da ta zube daga buhu. A nan muke wuni, a nan muke kwana.

Iya Hajo ce ta tsince mu. Tsohuwa ce mai saƙar tabarma, ba ɗa ba jika, ga faɗa kamar me. Ta tara mu goma sha ɗaya, mu da 'ya'yan wasu masunta, a zaurenta, ta dirje mu da sabulun salo har muka yi kuka, sannan ta ɗora tukunyar fate. Da la'asar Malama Talatu, wata 'yar Jos da ke koyarwa a firamare, takan zo ta koya mana karatu kyauta. Da safe kuwa saƙa. Iya Hajo ba ta ɓoye mana komai ba.

"Hatsin rumbuna wata biyu zai kai mu," in ji ta. "In tabarminku suka sayu, tukunya ba za ta sauka ba. In ba su sayu ba, sai tasha."

To, ga inda gizo ke saƙar. Mu 'ya'yan masunta ne, hannunmu ƙulli ya sani. Da ta juya baya sai mu murza kabar ta zama igiya, mu hau ƙullawa yadda ake yi wa komar kamun kifi. Abin da muke fitarwa duk huji ne. Ta ɗaga tawa ta leƙo ni ta ciki.

"Ke Rahmatu, wa zai kwanta a kan wannan? Kifi?"

Na ji haushi, wallahi, amma tsoro ya fi haushin yawa. Kullum ina leƙa rumbu, kullum yana yin ƙasa.

Ran nan baba ya zo zai tafi da mu, don ya ji hatsi ya kusa ƙarewa, kuma yana kunyar a ce 'ya'yansa sun cinye tsohuwa. Yana jiran mu ɗaura ƙunshi sai ya ga tabarmata a yashe. Ya ɗauka. Yatsunsa suka kama aiki da kansu, ya gyara nan, ya ƙara can, ya haɗa bakin huɗu ya ɗaure, ya sa ƙwarya a ciki ya rataye a jikin azara. Sai ga ragaya, irin wadda mata ke rataye ƙore a ɗaka, amma ƙullinta ya fi na kasuwa kyau nesa ba kusa ba.

Iya Hajo ta dubi ragayar nan sama da ƙasa. Ta tashi ta jiƙa rini, ja da kore. Kwana shida muna ƙulli, baba yana bin mu ɗaya bayan ɗaya yana gyara mana hannu. Ranar kasuwa iyayen amare suka yi wa ragayunmu wawa, kafin azahar babu ko ɗaya. Na yi murna har na yi ta tsalle a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Da muka dawo, tsohuwar nan da ta shekara arba'in tana saƙa ta shimfiɗa tabarma a gaban baba, ta zauna cikin sahunmu, ta miƙa masa igiya.

"Malam Ya'u, koya mini."

Baba ya waiga yana neman malamin. Da ya gane shi ake nufi, sai ya yi dariya, wadda rabonmu da jin ta tun Guri.

Tukunyar ba ta sauka ba sai da Iya Hajo ta rasu, shekara tara bayan nan. Ko ɗayanmu bai sake kwana a tasha ba.