Naman Watanda a Gaban Alhaji

Ko da zan manta kalar kayan da na sa ranar aurena, ba na jin zan manta Kirsimetin farko da dangin maigidana suka ci a gidanmu na Kafanchan. Yaran da ke rarrafe a lokacin yanzu sun shiga sakandare, amma ranar tana nan a kaina daram, har da ƙamshin miyar.

Tun da aka kawo ni gidan, a Fadan Kagoma ake yin Kirsimeti, wajen surukaina. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, na tsani yadda ake yin sa. Mata su tashi tun zakara bai yi cara ba, a ja ruwa a rijiya, a hura wuta, a jira maza su yanka akuya su feɗe, sannan a fara wanke hanji. Kafin a ƙwala ƙararrawar sujada idanunmu sun yi ja da hayaƙi, in mun shiga coci kuma gyangyaɗi muke yi ana wa'azi. Ni malamar makaranta ce, a Kaduna na tashi, kuma ina da baki. Kowace shekara sai na yi wa maigidana mita a mota har mu iso gida. To a wannan shekarar gwiwar Mama, surukata, ta matsa mata, aka ce bana kowa ya hallara a wajenmu. Na ce a raina, yawwa, bari in nuna musu yadda ake biki ba tare da an kashe kai ba.

Na samo takarda na rubuta komai, na manna a ƙofar kicin. Cincin da soyayyar gyaɗa tun saura mako guda. Markaɗen tumatir da tattasai saura kwana uku. Zoɓo da citta ranar jajibere. Babbar dabarata kuwa ita ce nama. Na shiga watanda da matan zumuntarmu na coci, wato mu haɗu mu sayi saniya guda, a yanka a raba kashi-kashi. Saura kwana biyu aka yanka ta a bayan coci. Wani dattijon cocinmu, tsohon soja, shi ya yi aikin. Da sassafe ya fara da aladen da maza suka haɗa nasu watandar a kai, ya gama, ya goge wuƙar a ciyawa, ya juyo kan saniyarmu. A kan ganyen ayaba ɗaya aka baje naman duka biyun, a bahon wanki ɗaya aka ɗauraye. Da idona na gani, kuma ko a jikina, don mu babu wanda ba ma ci. Na kwaso kasona na zo gida na tafasa na soye, na adana romon don dafa-duka, ƙasusuwan kuma na ware su don faten acca. Na sa maigidana ya buga wa Baba, mahaifinsa, waya ya ce kada a wahala da kawo akuya, akwai nama. Ya ce Baba "to" kawai ya ce.

Ranar Kirsimeti komai ya tafi yadda na tsara. Ƙaramar bas ta sauke su da safe, muka tafi sujada gaba ɗaya, na yi waƙa da ƙarfina, har rawa na taka wajen ba da baiko, wato sadakar coci. Da muka dawo, ɗumame kawai na yi na ɗora shinkafa. Yayar maigidana, wadda muke kira Anti, ta leƙo kicin ta ga babu toka babu hayaƙi, ta karanta takardata tana dariya, ta ce lallai ƙaninta ya auri Baturiya. Na ji daɗin maganar fiye da yadda na nuna.

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi na ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Na leƙa ta taga, sai ga Alhaji yana saukowa, yana gyara babbar riga.

Alhaji abokin Baba ne tun suna samari. Ɗan kasuwar citta ne a nan Kafanchan, a wajen Baba ya fara saye, ciniki ya zama zumunci. Shekara talatin, duk safiyar Kirsimeti sai ya hau babur ya je Fadan Kagoma ya yanka akuyar gidan da hannunsa, ya zauna a ci da shi. Da Babbar Sallah kuma cinyar ragonsa ta Baba ce. Sai aka yi wani rikici a gari, aka ƙone masa shago, aka yi ta raɗe-raɗin cewa da samarin wajen su Baba a cikin waɗanda suka yi. Babu wanda ya gaya wa wani baƙar magana tsakaninsu, amma shekara biyu Alhaji bai taka gidan ba, Baba kuma ya daina ambaton sunansa. Shi ya sa ban saka shi a lissafina ba. Ashe Baba ya aika masa a ɓoye cewa bana a Kafanchan yake, in zai zo ya zo, bai gaya wa kowa ba don gudun kada ya ƙi zuwa a ji kunya.

Baba, mutumin da sai da sanda yake tashi, ya miƙe ba sanda. Suka riƙe hannun juna suka ƙi saki, suna ta gaisuwa, gida, iyali, gona, kasuwa, a koma gida kuma. Mama tana share ido da bakin zane. Sai Baba ya waiwayo ni. Hausar Baba ba ta san mace ba, kowa "ka" ne a wajensa.

"'Yata, ka kawo abinci. Ka fara da Alhaji."

Na amsa da fara'a na shiga kicin. Sai da na ɗaga murfin tukunyar miya na ga naman yana iyo a cikin mai, sannan wuƙar tsohon sojan ta faɗo mini a rai. Na buɗe dafa-duka, da romon na dafa ta. Na buɗe fate, ga ƙasusuwan nan. Ko kabejin da na yanka na haɗa, da man suyar naman na ɗan soya shi. Tukunya huɗu, babu ɗaya da Alhaji zai iya sa wa hannu. Ta taga kuma ina jin Baba yana ba shi haƙurin rashin akuya, yana cewa yaran zamani ba sa son wahala, a kasuwa ta sayo wajen mahauta. Haka ya ɗauka, don bai taɓa kawo wa ransa cewa za a dafa naman Kirsimeti a gidan ɗansa ba yankan Musulmi ba.

Na yafito maigidana da Anti, na rufe ƙofa na gaya musu. Anti ta dube ni kamar na zare. Ta ce saniya ce fa, ba alade ba, in zuba in kai in ja bakina in yi shiru, wa zai sani. Ta ce in na buɗe baki yanzu, Alhaji zai ɗauka da gangan aka kira shi don a wulaƙanta shi, kuma in ya fita daga gidan nan yau, ya fita ke nan har abada, ni ce kuma zan ɗauki alhakin tsohon nan. Na juya wajen maigidana ina jiran ya ce wani abu. Ya sosa ƙeya, ya kalli rufi, ya ce Anti tana da gaskiya, ni ma ina da gaskiya, in yi yadda na gani. Ban taɓa jin haushinsa kamar na wannan lokacin ba.

Ba zan yi wa kaina ado ba: shirun na zaɓa. Na zaɓo manyan tsokoki na jera a kan shinkafa, na ɗauki tire na fita. Na durƙusa na ajiye a gabansa, na zuba masa ruwa ya wanke hannu. Yana wankewa yana tambayata yara da makaranta, yana yi mini barka da Kirsimeti. Na zuba ido in ga ko zai dubi naman, ko zai yi 'yar tambaya, in sami hanyar da zan bi. Ko kallon bincike bai yi wa kwanon ba. Ya yi bismilla, ya miƙa hannu, kuma bai fara da shinkafa ba, tsoka ya ɗauka.

"Baba Alhaji, don Allah ka ajiye."

Ni kaina ban san lokacin da maganar ta fito ba. Hannunsa ya tsaya a tsakanin kwano da baki. Ina durƙushe na faɗi komai, watanda, tsohon soja, alade, wuƙa, ganyen ayaba. Ban rage ko ɗaya ba. Baba ya ce me na ce, na sake maimaitawa. Rediyon maƙwabta yana ta waƙoƙin Kirsimeti. Anti tana bakin ƙofa ta ɗora hannu a ka.

Baba ya fara da ɗansa, cikin yarensu, kuma abin da na tsinta a ciki ya ishe ni. Sannan ya juyo kaina, bai ɗaga murya ba, wanda ya fi zafi.

"Shekara biyu ina jiran mutumin nan. Ka sa na yi mishi ƙarya da bakina."

Alhaji ya mayar da tsokar a gefen kwano, ya nemi sabulu, ya wanke hannunsa a hankali har wuyan hannu, ya goge. Sai ya miƙe, ya sa takalmi, ya fita. Babu wanda ya iya bin sa. Baba ya zauna yana kallon ƙofa, leɓensa na motsi. Ni kuwa ina nan a durƙushe, ina jiran ƙarar babur, ina cewa a raina garin neman gira na rasa ido. Na so hutun kwana ɗaya, ga shi na raba tsofaffi biyu.

Babur bai tashi ba. Mama ce ta lallaɓa ta leƙa, ta dawo ta ce yana gindin mangwaro, ya ɗebi ruwa a randa ya yi alwala, ya shimfiɗa buhu yana sallar azahar. Ban san sallar minti nawa ba ce, amma a wajena ta kai wuni. Da ya idar ya dawo ya zauna daidai inda ya tashi, ya dube ni ya tambaya ko akwai doya a gidan.

Akwai. Na ciro wata tukunya cikin kayan aurena da ban taɓa ɗorawa a wuta ba, na wanke sabuwar wuƙa, na fere doya da sauri har na yanke yatsa. Na dafa, na soya ƙwai da albasa a sabon man ja, na daka yaji. Kusan awa guda abin ya ɗauka, kuma duk tsawon lokacin babu babban da ya ci komai, yara kawai aka ba a bayan gida. Abincin da na kwana uku ina shiryawa yana nan yana hucewa, ni kuma ina ta zufa a kan doya.

Da na kawo, Baba ya ture kwanon shinkafarsa gefe, ya ce a juye doyar a tire ɗaya. Suka sa hannu tare. Sun yi nisa da ci kafin Alhaji ya yi magana, kuma da Baba yake, ba da ni ba.

"Ka daina fushi da yarinyar nan. Shekara talatin ina ci a gidanka, ka taɓa jin na tambayi abin da aka zuba mini? Yau da zan fito, 'ya'yana suka tare ni, suka ce kada in je, zamani ya canja, ban san abin da za a zuba mini ba. Ban sami amsar da zan ba su ba, na dai hau babur. Yanzu ina da abin da zan faɗa musu."

Baba ya tura masa ɓangaren da ya fi ƙwai, suka ci gaba. Ni na koma kicin na zauna a kan turmi na yi kuka mai isata, rabi na sauƙi, rabi na kunya, don ni kaɗai na san cewa da a ce shinkafa ya fara ɗiba, wataƙila da na bar shi ya ci.

Kada a ɗauka Baba ya huce nan take. Har yamma bai sake kallona ba, Anti kuma ta yi wata biyu tana ba da labarin yadda Baturiya ta ciyar da mutane doya ranar Kirsimeti. Sai da za su shiga bas na durƙusa yi masa sallama, ya tsaya da ƙafa ɗaya a ciki, ya ce da Hausar tasa, baɗi akuya zai zo, kuma da ransa zai zo. Na ce Allah ya kai mu.

Har gobe ina soya cincin tun saura mako, ina markaɗe da wuri, kuma ban ga laifin mace ta nemi sauƙi ranar biki ba. Amma abin da wannan rana ta koya mini shi ne, kafin ka cire wani aiki daga al'adar gida don ya yi maka nauyi, ka fara tambayar me yake riƙe da shi. Ni na ɗauka yankan safiyar nan wahala ce kawai da tsofaffi suka ƙi rabuwa da ita. Ashe shi ne abin da ya sa mutum zai shigo gidanmu ya yi bismilla bai tambayi komai ba, kuma irin wannan yardar, in ka ci amanarta sau ɗaya, ko mai ita bai sani ba, kai ka san ta tafi.