Abin da Na Ɓoye Cikin Langa

Lokacin da wannan abu ya faru ni amarya ce, ban cika shekara biyu a ɗaki ba. 'Yar Fulani ce ni daga wani ƙauye a gefen Aujara, na yi karatu har na samu shaidar koyarwa, amma duk bokon nan bai goge min abin da aka dasa mana tun muna ƙanana ba: mace ba ta raki, ba ta faɗin inda yake mata ciwo, ba ta ɗaga ido a gaban surukai. Har gobe ina son wannan tarbiyya. Sai dai na kai ta inda ba wurinta ba, ta kusa ja min asarar da ba a mayarwa. Ba damuwa ce ta sa na rubuto muku ba, alhamdu lillahi ina cikin rufin asiri. Na rubuto ne don na san a bencin awo na kowane asibiti akwai wata da ke zaune da irin shirun da na yi.

Tun ina sakandare nake da asma. Idan ta tashi sai ƙirjina ya ɗaure, numfashi ya riƙa fita da ɗan kuka kamar an ɓoye ɗan kyanwa a cikin rigata. Wani malamin asibiti ya rubuta min inhela mai shuɗin kai, in ciwon ya taso in fesa a baki in shaƙa, nan da nan hanya ta buɗe. Da aurena ya matso, Innata ta ja ni ɗaki ta gargaɗe ni kada in kuskura dangin miji su san da wannan larura, wai mutane suna cewa gadonta ake yi, za a ce an kawo musu ciwo cikin zuri'a. Maigidana kaɗai na gaya wa bayan an kai ni. Ya yi dariya ya ce shi ma yana da munshari, mun yi canjaras, amma ya yarda kada a gaya wa mahaifiyarsa, don a cewarsa Hajiya mace ce mai saka abu a rai. Sai na nemo wa inhelar mazauni a cikin langa ta can ƙasa a jeren kwanukana, inda na tabbata ba mai buɗewa.

A gidansu na Limawa muke zaune a cikin Dutse, ɗakina yana jikin na Hajiya, bango ɗaya ya raba mu. Shi kuwa aikin gwamnati ya kai shi Ringim, sai ƙarshen mako yake zuwa, saboda haka ni da ita muke wuni. Hajiya ba ta da yawan magana, amma duk unguwar an san ta da abu biyu: tsabta da turaren wuta. Ita take haɗa nata da kanta, amare har roƙonta suke yi. Farkon zuwana kullum da yamma sai ta kawo min kasko yana tashin hayaki ta ajiye a tsakar ɗakina, ni kuma in durƙusa in yi godiya, tana fita in kai shi bayan ɗaki ina haɗiye tari. Ana nan sai ta daina kawowa. Ta daina sa ni dakan yaji, shara ma ta ce ita za ta riƙa yi don motsa jiki. Ni da wautata sai na ɗauka raina aikina ta yi, har na taɓa yin kuka a kan haka, ina cewa surukata ta ga ban isa a yi min turare ba.

Da na samu ciki sai shiruna ya ninku. A wajenmu cikin fari ba abin da ake furtawa ba ne, ko mahaifiyarki ba kya iya kallonta ki ce ga abin da kike ciki. Hajiya ce ta gane da kanta, ta ce in shirya mu je awo. Da malamar asibiti ta zo tambayar ko ina da wani ciwo da nake shan magani a kansa, Hajiya tana tsaye a kaina riƙe da jakata. Na sunkuyar da kai na ce babu. A ranar ne kuma wata mata da muka haɗu a benci, irin masu sanin komai ɗin nan, take ba wasu labarin cewa duk mai ciki da ke shaƙar inhela ɗanta take shaƙa wa, zai fito da asma ko ya fito a tsumbure. Ba da ni take ba, amma maganar ta shige ni. Wa zan tambaya? Malamar asibiti an riga an ce mata lafiyata ƙalau, Hajiya ba ta san komai ba a ganina, maigida kuwa ko kalmar ciki ban iya haɗa baki da shi a kai ba. Na dawo gida na yanke wa kaina hukunci ni kaɗai: daga ranar na rufe langa, zan daure saboda abin da ke cikina.

Na daure kuwa. Idan ƙirji ya ɗaure sai in sha zuma da citta a ruwan ɗumi, in zauna in dafa gwiwa har ya sassauta. Cikin yana girma, abin yana ƙaruwa. Ga atishawa da toshewar hanci da safe, ga ƙwannafi da ke taso min in na kwanta, duk na ɗauka laulayi ne. Daga ɗakina zuwa bakin famfo sai na tsaya na huta. Sau da yawa na ɗaga murfin langar nan, in kalli inhelar, in tuna maganar matar benci, in mayar in rufe. Ina ji a raina wai jarumta nake yi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da damina, cikina ya shiga wata na bakwai, aka yi suna a maƙwabta, aka ɗora manyan tukwane a tsakar gidanmu don nasu ya yi kaɗan. Itacen ya sha ruwa, hayaki ya cika gidan, ga attaruhu ana soyawa. Hajiya ta ce in shiga ɗaki in rufe ƙofa, amma na ga kunya ce mata suna aiki a gidanmu ni ina kwance, sai na fito na kama yankan albasa. Ban daɗe ba na ji iska ta ƙi shiga. Na buɗe baki in yi magana, babu magana. Na miƙe zan tafi ɗaki, sai na zube a jikin turmi. Mata suka yi ca, wata tana cewa a kawo ruwa, wata tana cewa iska ce a yi tofi. Ina gani dishi-dishi Hajiya ta ratsa su ta shige ɗakina, ba ta tambayi kowa komai ba. Na ji ƙarar kwanuka, sai ga ta ta fito da inhelata a hannu, ta girgiza ta, ta tallafi kaina ta sa min a baki. Ko a cikin wannan hali sai da mamaki ya kama ni.

Feshin ya ɗan buɗe min hanya, amma bai isa ba, aka sa ni a adaidaita sai asibiti. Aka rufe min hanci da baki da abin da ke turo iska da magani kamar tururi. Numfashina ya fara dawowa, sai wani tsoron da ya fi na farko ya zo: tun da na faɗi ban ji motsi a cikina ba. A nan kunya ta ƙare, na kama hannun likitar, wata mace mai fara'a, na ce mata don Allah ta duba min ɗana. Shi ne karo na farko da bakina ya ambace shi. Ta ɗora na'ura a cikina tana zagayawa, Hajiya tana gefe tana jan carbi. Can sai muka ji bugun, da sauri da sauri. Na fashe da kuka, ita ma Hajiya ta juya baya tana gyara mayafi.

Washegari likitar ta zauna a bakin gadona, ba ta yi min faɗa ba, amma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce jariri da iskar uwarsa yake rayuwa, duk lokacin da na zauna ina kokawa da numfashi shi ma yana can yana jira. Ta ce an daɗe ana bin diddigin masu ciki da ke da asma, abin da aka gano shi ne maganin shaƙa huhu yake zuwa kai tsaye, kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini, haɗarin yana wajen barin ciwon ba magani, don shi ke kawo haihuwa kafin lokaci ko ɗa ya fito ƙarami. Wato abin da na guda, shi na yi ta jawowa da hannuna. Ta kuma ce ita kanta shuɗiyar inhelar da na dogara da ita shekara da shekaru, masana yanzu ba sa son a riƙe ta ita kaɗai. Asma kumburi ne a cikin hanyoyin iska, yana nan ko ranar da mutum yake jin garau, shuɗiyar buɗe hanya kawai take yi, ba ta taɓa kumburin. Ta rubuta min wata mai kwantar da shi, safe da yamma, ta koya min yadda ake shaƙa da kurkure baki bayan an gama, don ashe rabin feshin da nake yi a harshe yake tsayawa.

Da ta ga ina da son tambaya sai ta ƙara min. Ta ce asma ba iri ɗaya ba ce, yanzu ana gwada jini da numfashi a gane wace iri mutum yake da ita, har akwai sababbin allurai na masu tsanani, ko da yake tsadarsu ba ta bari sun zo mana sosai ba. Atishawar nan da ƙwannafin da na raina, ta ce tafiyarsu ɗaya da asmar, in ba a kula da su ba suna tayar da ita. Maganin da zai raba mutum da ita har abada kuwa ba a samo ba tukuna, duk mai sayar da shi a kasuwa ya san abin da yake sayarwa. Har ta ce ana binciken dalilin da ya sa yaran da suka tashi cikin dabbobi asma ba ta cika kama su ba. Na ce mata to ni da na tashi ina tatsar nono, shanunmu sun ci amanata ke nan. Ta yi dariya ta ce ai shi ya sa ake ce masa bincike, ba a gama ba.

Sai da likita ta fita na iya tambayar Hajiya, kaina a ƙasa, yadda aka yi ta san inda na ajiye. Ta ce bango ɗaya ne tsakaninmu, tun satin farko take jin kukan ƙirjina, tana jin ƙarar murfin langa, sannan ta ji feshi. Ta ce wannan kukan ba baƙo ba ne a kunnenta. Ɗanta na fari, yayan maigidana, da shi ya rasu yana ƙarami a ƙauye, lokacin ba inhela ba asibiti kusa, kuma ita ma kunyar ɗan fari ta hana ta ɗaga murya da wuri. Shi ya sa ta janye min turare da yaji da tsintsiya. Ta ce ta ga na ɓoye, sai ta yi min kara, ba ta so ta tona ni. Da ta daina jin ƙarar murfin kuma sai ta yi hamdala, ta ɗauka cikin ne ya zo min da sauƙi. Haka muka zauna wata da watanni, ni ina jin kunyarta, ita tana yi min kara, yarinya tana tsakiya tana neman iska.

Da lokacin tafiya goyon ciki ya yi, Hajiya da kanta ta hau mota zuwa ƙauyenmu ta roƙi Innata a bar ni in haihu a Dutse kusa da asibiti. Hajiyar ce ta yi min jego. Ruwan wankan a can bayan gida take dafa shi, ba a hura wuta a ɗakina ba. Ranar suna mata suka yi ta shigowa suna buɗe hanci, ɗakin maijego a gidan Hajiya guda babu ko ƙamshin turare. Wata ƙawarta ta tsokane ta ko hannunta ne ya mutu, ta ce mata hannunta lafiya lau, ta zo da kaskonta gobe a cika mata, amma a ɗakin 'yarta ba a hayaki.

Yarinyar yanzu ta fara makaranta, bakinta ya fi na kowa a gidan. Tana jaririya ta yi ƙaiƙayin fata a kumatu, likita ta ce shi ma ɗan'uwan asma ne, mu sa ido, muna sawa, kuma ko ta zo mun san hanyar asibiti. Ni kuwa na kama aikin koyarwa, ina wuni ina magana ba tare da na tsaya neman numfashi ba. Ina kira ga 'yan'uwana mata, duk mai larura ta faɗa wa likita ko da wa yake tsaye a kanta, kada ta ajiye magani don maganar benci. Iyaye kuma su daina koya wa 'ya'yansu ɓoye ciwo don a samu miji, surukai su ma in sun gani su yi magana, kara tana da iyaka. Langar nan har yau tana ƙasan jere, babu komai a cikinta. Inhelata tana kan tebur inda kowane baƙo zai gani. Kullum da safe Hajiya takan ƙwanƙwasa bangon nan da ya raba mu, ba ta dainawa sai ta ji feshin.